Hanya Mai Sauƙi

Allon bakin hanya ya ce mai sauƙi ce:
mil ɗaya, zuwa da dawowa, ba hawa sai kaɗan.
Mahaifina Orvel ya karanta a fili,
ya yi dariyar da ta ƙare da tari.
"Wanda ya rubuta wannan," ya ce,
"da huhu biyu ya rubuta."

Na rataya tulun iskarsa a kafaɗa,
siririn tiyon ya haɗa mu
kamar cibiyar da aka juya.
Yau ni ke goye da numfashin wanda ya haife ni.

Shekara saba'in da takwas a Moab,
ashirin da biyu a ƙarƙashin ƙasa yana haƙar yuraniyam,
bai taɓa takowa nan ba.
Na baƙi ne, yakan ce,
masu malafa da kyamara a wuya.
Wanda ya wuni cikin dutse
ba ya biyan kuɗi don kallon dutse.

Yashin ja ne, kamar an daka tubali.
Ƙadangare ya gilma, ya tsaya, ya gyaɗa mana kai.
Itatuwa gajeru, murɗaɗɗu, rabin jikinsu ya mutu,
ɗaya rabin bai ji labari ba, yana ta tofo.
Baba ya nuna ɗaya da sanda.
Bai ce komai ba. Na gane.

Taku ashirin, mu tsaya.
Taku ashirin, mu tsaya.
Wasu yara suka wuce mu a guje,
uwarsu na biye da gorar ruwa tana kiran Tobin, Tobin,
suka je, suka gani, suka dawo,
mu ko rabi ba mu ci ba.
Wata ma'aikaciyar gandun, Yazzie a rubuce a ƙirjinta,
ta rage sauri ta jera da mu,
ta ce kada mu taka baƙin ɓawon ƙasar gefen hanya,
rai gare shi,
sawu ɗaya sai ya shekara da shekaru bai warke ba.
"Ni ma haka," in ji Baba.

Sai hanya ta karkata,
sai ga shi:
bakan gizo na jan dutse, ba ginshiƙi, ba magini,
sama a cikinsa shuɗiya kamar an yanko an liƙa.
Baƙin hankaka ya ratsa ta tsakiya
ko sallama babu.

Na zaci zai cire hula.
A'a. Ya shiga ƙarƙashi, ya ɗaga sanda,
ya ƙwanƙwasa bango sau uku, ya kasa kunne,
yadda suke yi wa rufin rami da safe kafin a shiga.
Ya bi wata tsaga da ido har ƙoli.
"Zai faɗi," ya ce.
"Ba dai yau ba."

Muka zauna a inuwa, sanyin dutse a gadon baya.
Na ɓare lemo, ya sha ɓari biyu.
Ya fara kiran sunaye, tsakanin numfashi da numfashi:
Ferris. Eloy Archuleta.
Yaron gidan Begay da bai cika ashirin ba.
Wasu rufi ya danne,
wasu ƙura ta bi su gida
ta yi zaman jira shekara talatin.

"Dubi aikin nan, Marva.
Ruwa ne da ƙanƙara,
ƙwayar yashi ɗaya bana, ɗaya baɗi.
Ba fitila a goshi, ba mai tsawa, ba albashi.
Rami ne mai kyau.
A shiga ta nan, a fita ta can, ko'ina haske.
Kuma ba a bar kowa a ciki ba."

Allurar tulu ta sauka ƙasa da rabi.
Na nuna masa, ya ture hannuna.
Iska ta biyo ta cikin bakan, ta taɓa furfurarsa,
sai ya zare tiyon daga hanci,
ya buɗe baki ya sha ta haka nan, tsurarta.
Na ƙirga a zuci. Bakwai.
Ya mayar.

A dawowa bai yi magana ba.
A mota ya zazzage takalminsa,
ya tara jan yashin a tafin hannu,
ya duba, ya duba,
sannan ya buɗe ƙofa
ya mayar musu da abinsu.